Ɗan Besbol da Ƙofar MLB Ta Ƙi Buɗe Masa: Lissafin Tafiya Koriya da Japan

A ƙarshen 2014 Merrill Kelly, majefin ƙwallon besbol, yana da shekara 26. Ya yi kaka biyar a ƙananan rukunonin besbol na Amurka ƙarƙashin Tampa Bay Rays, wadda ta ɗauko shi a zagaye na takwas na zaɓen matasa a 2010, kuma ko sau ɗaya bai taɓa hawa tudun jifa a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba. A waccan shekarar ya yi wa Durham Bulls wasa a Triple-A, matakin ƙarshe kafin babbar gasa, kuma a matsakaici ba a cin maki uku a hannunsa cikin zagaye tara na wasa, wato tsawon cikakken wasa guda, wanda jifa ne mai kyau a ko'ina. Matsalarsa ita ce Rays tana da majefa har sun yi mata yawa, babu alamar layi zai zo kansa. Sai ya sa hannu da SK Wyverns ta birnin Incheon a Koriya ta Kudu.

Kaka huɗu ya yi a can, daga 2015 zuwa 2018, ya jefa sama da zagaye 700, ya ɗauki kofin ƙasar a shekararsa ta ƙarshe. A Disambar 2018 Arizona Diamondbacks ta ba shi kwantiragin shekara biyu kan dala miliyan 5.5. Yana da shekara 30 ya buga wasansa na farko a MLB, kuma a Oktoban 2023 shi ya tsaya a wasa na biyu na World Series, wasannin ƙarshe na neman kofin MLB, gaban Texas Rangers, ya jefa zagaye bakwai, maki ɗaya kacal aka ci shi, ya kori masu bugu tara. Tun daga lokacin duk ejan, wato wakilin ɗan wasa, da ke son shawo kan ɗan wasansa ya tafi Asiya, sunan Kelly yake fara ambata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda hanyar take da ƙunci, da kuma abin da mutum ke bari a baya ranar da ya hau jirgi.

Sai an fahimci tsanin da ake hawa a Amurka kafin a gane dalilin tafiyar. Kowace ƙungiya cikin 30 na MLB tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu hawa-hawa: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, ban da sansanonin sabbin shiga a Arizona, Florida da Jamhuriyar Dominika. Ƙungiya ba ta hawa ko faɗuwa kamar a ƙwallon ƙafa, ɗan wasa ake hawar da shi ko a sauko da shi. A 2021 aka rage ƙananan ƙungiyoyin zuwa 120, aka kuma mai da zaɓen matasa zagaye 20 maimakon 40. Guraben sun ragu, haƙurin ƙungiyoyi da wanda ya fara manyanta ya ragu tare da su.

A saman tsanin akwai jeri biyu. Na farko mutum 26 ne, su ke buga wasa yau. Na biyu mutum 40 ne, ya haɗa da 26 ɗin da kuma waɗanda ƙungiya ta keɓe don kada wani ya ɗauke mata su. Wanda ya sa hannu yana da shekara 18 ko ƙasa, ƙungiya na da kaka biyar ta saka shi cikin 40. Wanda ya sa hannu yana da 19 ko sama, kaka huɗu. Idan ba ta saka shi ba, wata ƙungiya na iya ɗaukarsa a zaɓen Rule 5 na watan Disamba kan dala 100,000, da sharaɗin ta riƙe shi cikin 26 ɗinta kaka guda cur, ko ta mayar wa mai shi a rabin kuɗin. Ranar da aka gama wannan zaɓe ba a kira sunan mutum ba, ya san matsayinsa: ƙungiyarsa ba ta kare shi ba, sauran 29 kuma sun duba sun wuce.

Wanda ya shiga cikin 40 ɗin ma agogo na bin sa. Ƙungiya na da shekara uku da za ta iya sauko da shi Triple-A ta mayar da shi sama yadda ta ga dama. Idan shekarun nan suka ƙare, ba ta da ikon sauko da shi sai ta fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi, kowace na iya cewa tana so. Daga nan ne yawo ke farawa. Mutum ya yi mako uku a wannan gari, a sallame shi, wata ta ɗauka, bayan wata guda ita ma ta buƙaci gurbin. Masu harkar na kiran irin wannan ɗan wasa ɗan Quadruple-A, matakin da babu shi a takarda, wato ya fi ƙarfin Triple-A amma bai samu wurin zama a sama ba. Yawancin masu tafiya Asiya daga cikinsu suke, shekarunsu tsakanin 26 da 30. Matashin da ake yi wa kallon tauraron gobe da wuya ya tafi, domin ƙungiyarsa ba za ta sake shi ba. Mai tafiya shi ne wanda aka yi wa wannan kallon shekara uku ko huɗu da suka wuce.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne kan gaba ko da an ƙi faɗa. 'Yan ƙananan rukunoni ba su da ƙungiyar ƙwadago sai a 2022, kuma yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Triple-A daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, na Double-A daga 13,800 zuwa 30,250. Tsofaffin hannu da suka zama masu 'yancin kansu, wato ba sa hannun kowace ƙungiya, kan yi ciniki su samu fiye da haka, wanda ke cikin 40 kuma ya taɓa leƙa babbar gasa yana samun wajen dala 120,000 a 2024. Mafi ƙarancin albashin MLB a 2024 dala 740,000 ne, sai dai da kwana ake lissafa shi, kusan dala 4,000 kowace rana da mutum ya kwana a sama. Wanda aka kira na kwana goma sha biyu, kuɗin kwana goma sha biyu zai gani. Idan ƙungiyar Koriya ta ajiye masa dala 700,000 ko 800,000 tabbatattu, da gida, da tikitin jirgin iyali, da tafinta, ga mata ga ƙaramin yaro, ba sai an yi dogon wa'azi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma akwai abin da yake sayarwa. A MLB kwana 172 a jerin babbar ƙungiya shi ne shekara guda ta aiki. Shekara uku ke ba mutum damar kai ƙungiyarsa gaban mai sasanci kan albashi, shekara shida ke ba shi 'yancin kansa, kwana 43 kuma ke buɗe masa ƙofar fansho. Ko shekara goma ya yi a Seoul ko Osaka, kwana ɗaya ba za a ƙara masa a wannan lissafi ba. Wanda ya tara kwana 30 yana jiran sauran 13 yana da dalilin tsayawa ya yi tunani.

Gasar Koriya, KBO, an kafa ta a 1982, tana da ƙungiyoyi goma, kowace na buga wasa 144. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce baƙi uku a kowace ƙungiya, kuma ba za su zama duk majefa ko duk masu bugu ba. A aikace kusan kowa majefa biyu masu buɗe wasa yake ɗauka da mai bugu ɗaya mai ƙarfi. Tun 2019 sabon baƙo ba ya wuce dala miliyan ɗaya a shekararsa ta farko, kuma a nan ne gizo ke saƙa: cikin miliyan ɗayan nan har da kuɗin sa hannu, da tukwicin bajinta, da kuɗin da za a biya ƙungiyarsa ta Amurka ta sake shi. A ce ƙungiyar ta Amurka ta nemi dala 300,000, to abin da ya rage wa ɗan wasa 700,000 ne, ba ƙari. Shi ya sa masu farautar 'yan wasa na Koriya suka fi son wanda aka riga aka sallama, kuma shi ya sa kasuwar ke zafi daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da ƙungiyoyin MLB ke tankaɗe da rairayar jerin 40 ɗinsu. Tun 2023 kuma an sa wa jimillar kuɗin baƙi ukun iyaka, dala miliyan huɗu, da ɗan ƙari ga wanda ya daɗe a ƙungiya.

Wata ƙa'idar da kan zo wa mutane ba zato ita ce ta riƙo. Idan kaka ta ƙare ƙungiya ta nuna tana son sabunta kwantiragi, ɗan wasa ya ƙi, ba zai iya zuwa wata ƙungiyar Koriya ba har shekara biyar sai da yardarta. Zai iya komawa Amurka ko ya tafi Japan, amma cikin Koriya hannunsa a ɗaure yake. Ƙungiya kuma na da damar sauya baƙo sau biyu a kaka, kuma wanda aka kawo bayan 15 ga Agusta ba zai buga wasannin neman kofi ba. Don haka watannin Mayu zuwa Yuli su ne lokacin yanka. Majefin da ya yi wasa takwas ana dukansa, ya sani cewa akwai wani a Triple-A da ake magana da ejan ɗinsa a daidai wannan lokacin.

Japan daban take, kuma a ganina ta fi wuya ga wanda bai shirya ba, duk da cewa kuɗinta ya fi yawa kuma babu iyakar miliyan ɗaya. Gasar NPB ƙungiyoyi 12 ce a rukuni biyu, Central da Pacific, wasa 143. Ƙungiya na iya ɗaukar baƙi yadda aljihunta zai iya, amma huɗu kawai za su zauna a benci ranar wasa. Ke nan a Koriya baƙo yana da tabbacin fili muddin yana nan, a Japan kuwa da 'yan'uwansa baƙi zai fara kokawa. Ƙungiya mai kuɗi na iya ajiye bakwai ko takwas. Wanda ya yi sanyi sai a tura shi ƙungiya ta biyu, wadda suke kira ni-gun, kuma ba za a iya dawo da shi ba sai bayan kwana goma. A can wasan rana ake yi a ƙananan filaye, 'yan kallo ƙalilan. Mutum ya ƙetare teku don gudun Triple-A, ya tarar da wata Triple-A ɗin da ba ya jin yaren kowa a cikinta. An gudu ba a tsira ba.

Atisayen ma ba irin wanda ya saba ba ne. Sansanin share fage na buɗewa ranar 1 ga Fabrairu a Miyazaki ko Okinawa, ana yini ana gudu da maimaita abu ɗaya, kuma kociyoyi na lura da wanda ke ɗaga hanci. Masu buɗe wasa shida ake juyawa maimakon biyar, kowa sau ɗaya a mako, Litinin hutu, amma ana sa ran wanda ya hau tudu zai yi nisa kafin a sauke shi.

A cikin fili, wane irin majefi ne ke cin nasara? A MLB matsakaicin gudun miƙaƙƙen jifa ya kai wajen kilomita 151 a awa. Wanda ke jefa 147 ko 148, ko da yana da salon jifa huɗu kuma yana sa ƙwallo inda yake so, a Amurka sai a mai da shi mai karɓar zagaye ɗaya ko biyu a tsakiyar wasa, ko a bar shi a Triple-A a matsayin na ko-ta-kwana. A Koriya wannan gudun ya wuce na yawancin 'yan gida, sai ya zama shi ne jagoran majefa. Za a ba shi wasa wajen 30 a kaka, a bar shi ya fuskanci masu bugu sau uku a wasa ɗaya, ya yi kuskure ya gyara a mako mai zuwa ba tare da fargabar za a kira shi ofis a miƙa masa tikitin mota ba. Abin da Kelly ya samu ke nan, kuma babu ƙungiyar MLB da za ta iya ba ɗan shekara 26 da ba ta yarda da shi ba zagaye 180 a shekara don ya koyi sana'a. Erick Fedde, wanda Washington Nationals ta ɗauka a zagayen farko a 2014 ta kuma sake shi bayan kakar 2022, ya je NC Dinos ta Koriya da sabon jifa mai sharar gefe da ya koya a lokacin hutu. A 2023 ya ci wasa 20, ya faɗi 6, ana cin maki biyu daidai a hannunsa cikin zagaye tara, ya kori masu bugu 209, ya zama gwarzon gasar. Chicago White Sox ta ba shi dala miliyan 15 na shekara biyu.

Wanda ke faɗuwa kuwa, galibi abu uku ke kayar da shi. Masu bugun Koriya da Japan ba sa kai duka da dukan ƙarfinsu kamar na Amurka. Suna taɓa ƙwallo su kautar da ita gefe, su sake, su sake, har majefi ya kai jifa 100 a zagaye na biyar. Mai ƙarfi marar saiti a nan yake ƙarewa. Na biyu, satar tushe, wato mai gudu ya ruga zuwa tushe na gaba yayin da majefi ke jifa. Idan daga ɗaga ƙafar majefi zuwa isar ƙwallo hannun mai cafewa ya wuce daƙiƙa 1.3, masu gudu za su mai da shi abin wasa, kuma dogayen majefan Amurka da yawa ba su taɓa damuwa da wannan ba. Na uku, tabo. Ƙungiyoyin can na da mutanen da aikinsu kallon bidiyo ne su gano cewa wane yana ɗan buɗe safar hannunsa idan zai jefa mai lanƙwasa, ko yana sauke gwiwar hannu idan zai jefa mai faɗuwa. Cikin wata guda labari ya zaga ƙungiyoyi, kuma a gasa mai ƙungiyoyi goma, inda za ka haɗu da kowace sau 16, babu wurin ɓuya. Ƙwallon kanta ma ta bambanta. Ta Japan tana ɗan kama hannu tun daga kwali, ta Amurka santsi gare ta har sai an shafa mata laka, kuma wannan na sauya yadda jifa ke lanƙwasa, zuwa da dawowa.

Mai bugu ya fi shiga tsaka mai wuya, domin shi kaɗai ne baƙo a layin, kuma an kawo shi ne ya riƙa tsallakar da ƙwallo bayan katanga. Ba za a ba shi miƙaƙƙen jifa a inda yake so ba. Za a yi ta jefa masa mai faɗuwa a ƙasa da mai kaucewa waje har sai ya nuna zai iya kame hannunsa. Eric Thames ya iya. Ya je NC Dinos a 2014 bayan ya kasa zama a Toronto da Seattle, a 2015 ya tsallakar da 47 ya saci tushe 40, abin da ba a taɓa yi ba a Koriya, sannan Milwaukee Brewers ta dawo da shi kan dala miliyan 16 na shekara uku. Mel Rojas Jr. kuwa, wanda bai taɓa buga MLB ba, ya zama gwarzon Koriya a 2020 da KT Wiz, shi ma da 47. Hanshin Tigers ta Japan ta ɗauke shi, ya yi kaka biyu bugunsa bai kai 23 cikin 100 ba, yana hawa yana sauka tsakanin ƙungiya ta ɗaya da ta biyu. Da ya koma KT a 2024 sai hannunsa ya dawo. Mutum ɗaya ne, tazarar jirgi awa biyu ce, amma majefan Japan sun fi saiti, kuma can ba a jira shi ba.

Dawowa Amurka ma ba ta da tabbas. Josh Lindblom ya ci wasa 20 da Doosan Bears ta Koriya a 2019, ya zama gwarzo, Brewers ta ba shi shekara uku kan dala miliyan tara da ɗoriya, kafin tsakiyar 2021 ta cire shi daga jerin 40. Thames da kansa ya je Yomiuri Giants ta Japan a 2021, a wasansa na farko jijiyar dunduniyarsa ta tsinke. Miles Mikolas, wanda ya yi kaka uku a Yomiuri ya koma St. Louis Cardinals ya ci wasa 18 a 2018, yana cikin 'yan tsirarun da kwalliya ta biya musu kuɗin sabulu ta kowane ɓangare. Akwai kuma waɗanda ba su nemi dawowa ba sam. Dustin Nippert ya yi kaka takwas a Koriya ya ci wasa 102. Randy Bass, wanda bai yi wani abin kirki a Amurka ba, har yau magoya bayan Hanshin na girmama shi saboda kofin 1985. Ban ga dalilin ɗaukar irin waɗannan a matsayin waɗanda suka gaza ba.

Labarin Carter Stewart shi ne ya saɓa wa duk abin da aka saba. Atlanta Braves ta zaɓe shi na takwas a duk Amurka a zaɓen matasa na 2018, bayan gwajin lafiya ta nuna damuwa da wuyan hannunsa ta rage tayinta, ciniki ya watse. A 2019, yana da shekara 19, ya sa hannu da Fukuoka SoftBank Hawks ta Japan na shekara shida kan wajen dala miliyan bakwai. Lissafin ejan ɗinsa Scott Boras a fili yake. A Amurka zai yi shekara uku ko huɗu a ƙananan rukunoni kan albashin da bai taka kara ya karya ba, sannan wasu shida kafin ya samu 'yanci. Dokar MLB kuwa ta ce wanda ya kai shekara 25 kuma ya yi kaka shida a gasar ƙwararru ta waje yana iya ciniki da kowa ba iyaka. Sai dai girman ya zo a hankali. Daga ƙungiya ta uku ya fara, bai taka babban fili ba sai 2021, bai ci wasansa na farko ba sai 2023. An yi zaton matasa za su bi sahunsa da yawa, ba su bi ba, domin ƙungiyoyin Japan kaɗan ne ke da kuɗi da haƙurin renon baƙo shekara huɗu.

Wanda Koriya da Japan ba su kira ba, akwai Taiwan mai ƙungiyoyi shida da kuma gasar Meziko. Kuɗin bai kai ba, kuma a Taiwan sau da yawa wata-wata ake lissafin albashi, watanni kaɗan ne tabbatattu. Amma masu farautar Koriya na zuwa kallo. Ariel Miranda daga Taiwan ya wuce Doosan a 2021 ya kori masu bugu 225, ya karya tarihin da Choi Dong-won ya kafa tun 1984.

Ejan da ya san aikinsa, kafin ɗan wasansa ya sa hannu, ba jimillar kuɗin yake fara dubawa ba. Yana duba nawa ne tabbatacce idan aka sallami mutum a watan Yuni, da kuma ko tukwicin ya rataya ne kan abin da ke hannun ɗan wasa, kamar yawan zagaye, ko kan abin da ke hannun wasu, kamar yawan nasara. Yana duba a wane kuɗi za a biya, dala ko yen, domin faɗuwar yen a 'yan shekarun nan ta cinye wa wasu kaso mai tsoka. Yana duba haraji: a Japan wanda ba mazauni ba kashi 20.42 cikin 100 ake cire masa, shi ya sa kwantiragin shekara ɗaya ke da daɗi, a Koriya kuwa wanda ya wuce kwana 183 ana iya lissafa shi mazauni, kason ya haura sosai, kuma Ba'amurke sai ya sake bayyana kuɗin a gida. A Japan yana neman a rubuta ko ƙungiya na iya tura ɗan wasa ni-gun ba da yardarsa ba. Idan kuma ranar dawowa MLB ta zo, yana neman a sa sharaɗin cewa mutumin zai zama mai 'yancin kansa da zarar kwantiragin ya ƙare. Idan aka manta da wannan layin, ɗan shekara 30 da ya dawo da kwana sifili a lissafin aiki zai zauna a hannun ƙungiya ɗaya har ya kai 36.